Kasuwar Cikin Gida da Ƙofar Banki: Inda Damar Mata Take Tsayawa

Duk taron da aka kira don "shigar da mata harkar kasuwanci" a Arewa yakan fara ne da zaton cewa a waje suke. Bincike ya daɗe da rushe wannan zato. A 1969 Polly Hill ta wallafa sakamakon aikinta a Batagarawa, kusa da Katsina, inda ta nuna cewa hatsi da dafaffen abinci masu yawa suna canja hannu ne a cikin gidaje, tsakanin matan da ke kulle, ba tare da sun taɓa zuwa kasuwa ba. A ƙarshen shekarun 1970 Enid Schildkrout ta bi sawun wannan ciniki a birnin Kano, ta gano cewa yara 'yan talla su ne ƙafafunsa. Shari'a ma ba ta taɓa zama shinge ba: dukiyar mace tata ce, sadakinta nata ne, kuma miji ba shi da iko a kan ribarta. Abin tambaya shi ne, me ya sa sana'ar da ta yaɗu haka ba ta girma?

A dubi mai ƙuli-ƙuli. Za ta aika a auno mata gyaɗa tiya biyar, a farashin da ba ita ta yi cinikinsa ba. Ta soya, ta murje, ta aika inji, ta matse mai da hannu, ta mulmula tunkuza ta toya. Man ya tafi a kwalba, ƙulin ya tafi a kan 'yarta. A kowane mataki da ya haɗa ta da waje akwai wani a tsakani: ɗan aike, mai awo, mai inji, dillaliya. Kowa yana gutsurar nasa. Namijin da ke sayen gyaɗa buhu-buhu a kasuwar Dawanau lokacin kaka, ya ajiye har ta yi tsada, ba wayo ya fi ta ba. Ya fi ta jari, kuma yana ganin farashi da idonsa.

Jarinta kuwa daga adashi yake. Adashi tsari ne mai kyau, ba ruwa, ba takarda, amana ce kawai da uwar adashi. Amma abin da aka zuba shi ake kwasa, kuma kwasar takan faɗa ranar da kayan ɗakin 'ya ko biki suke jira. Ba ya iya sayen injin matse mai.

Nan ne ya kamata banki ya shigo, nan ne kuma rashin daidaiton yake fitowa fili. Banki jingina yake nema, jinginar da ya fi yarda da ita kuwa fili ne ko gida mai takardar shaidar mallaka, wadda tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 take fitowa daga hannun gwamna. Mata nawa ke da ita da sunansu? Gado ya ba 'ya rabin kason ɗa, wannan sananne ne, sai dai a aikace sau da yawa gidan yakan zauna shekaru ba a raba ba, ko 'yan'uwa maza su ce "a ba ta nata a kuɗi", su riƙe gonar. Dukiyar mace tana cikin awaki da tumaki, da sarƙar gwal, da keken ɗinki, da firiza. Dukiya ce ta gaske, manajan banki ne ba ya ganinta.

Gwamnati ba ta rasa sanin matsalar ba. A 2013 Babban Bankin Najeriya ya kafa asusun naira biliyan 220 don ƙananan sana'o'i, ya ware kashi 60 cikin ɗari ga mata. Amma kuɗin ta hannun bankuna da gwamnatocin jihohi suka bi, wato ta ƙofar da ta riga ta fi ƙarfin mai ƙuli. Ga kuma batun kuɗin ruwa, wanda mata da yawa suke gudu saboda addini, bankin Jaiz da ba ya karɓar ruwa kuwa sai a 2012 ya fara aiki. A ganina matakin da ya fi kusa da tushen ciwon shi ne rajistar jingina ta ƙasa da aka buɗe a 2016, da dokar 2017 da ta tsara jinginar da kadarar da ake iya ɗauka, kamar dabbobi da na'urori da kayan shago. Abin takaici, ba a yayata ta da Hausa kamar yadda ake yayata bikin rabon kekunan ɗinki ba. Koya wa mata ɗari haɗa sabulun ruwa a unguwa ɗaya yana yin kyau a hoto, amma a wa za su sayar?

Wasu za su ce kulle ne tushen komai, a buɗe ƙofa a huta. Hujjar tana da ƙarfi ta fuska ɗaya: muddin uwa ba ta isa ga mai saye sai ta hanyar 'yarta, yarinyar ce ke biyan kuɗin da karatunta, kuma tun shirin ilimin firamare na bai-ɗaya na 1976 ake wannan ja-in-ja tsakanin faranti da aji. Sai dai zawarawa da tsofaffi, waɗanda ba mai hana su fita, su ma jingina ɗin ce ke tare su. Fita kaɗai ba ta samar da jari.

Wayar hannu ta rage wani ɓangare. Mai sayar da atamfa ko turaren wuta a yau tana saka kayanta a WhatsApp, a turo mata kuɗi ta asusu, mai adaidaita ya kai saƙo, 'yarta kuma tana makaranta. Wani abu ya samu a nan wanda adashi bai taɓa bayarwa ba, wato rubutaccen tarihin shige da ficen kuɗinta. Bankin da ya yarda ya karanta wannan tarihi, ya haɗa da awakinta da aka yi wa rajista, yana da abin da zai dogara da shi ya ba ta bashin injin, ko da gidan gadon bai rabu ba.