Daga Turu Zuwa Tarar Fam Ɗari: Ingila da Masu Maye a Titi

A Ingila shan giya ba laifi ba ne ga baligi. Abin da hukuma ta shafe shekaru fiye da 400 tana kokawa da shi shi ne wurin da ake shan, da kuma inda maye ke kayar da mutum. Wanda ya bugu a cikin ɗakinsa, shi da Allahnsa. Wanda ya fito titi yana tangaɗi kuwa, ya shiga hannun doka.

Tun a 1552 aka wajabta wa mai gidan giya ya nemi lasisi a wurin alƙalan gari, amma sai a 1606, zamanin Sarki James na Ɗaya, majalisar dokoki ta mai da buguwa ita kanta laifi. Hukuncin tarar sule 5 ne. Wanda ya kasa biya a sa ƙafafunsa a turu a bainar jama'a na awa 6, masu wucewa suna kallo suna dariya. Sule 5 kuɗi ne mai yawa ga leburan wancan zamani, saboda haka ba sai an faɗa wa kowa ƙafar wa ke shiga turu ba. Mai hali ya biya ya koma gida.

Babban rikicin ya zo da barasar jin. Bayan da William na Orenj ya hau gadon sarauta a 1689, gaba da Faransa ta sa aka toshe barasar da ake shigowa da ita daga can, aka kuma sakar wa mutanen gida mara su dafa tasu da hatsin ƙasar. Manoma da masu gonaki suka ji daɗi. Jin ta yi arha har ta zama abin shan talakan Landan, ana sayar da ita a shaguna da lunguna da kan baro. Da abin ya gallabi mahukunta, a 1736 suka kafa doka cewa lasisin sayar da ita fam 50 ne a shekara, ga harajin sule 20 kan kowane galan. Kusan ba wanda ya yanki lasisin. Ciniki ya koma ɓoye, masu tsegunta wa hukuma suka riƙa shan duka a titi, a 1743 aka soke dokar. A 1751 mai zane William Hogarth ya fitar da hotonsa na layin 'yan jin, inda wata uwa a buge take zaune a kan matakala jaririnta na suɓucewa daga hannunta. A shekarar nan aka yi sabuwar doka mai sassauci, wadda ta hana masu dafa barasar sayar wa 'yan kasuwar da ba su da lasisi. Ita ce ta yi aiki, tare da tsadar hatsi da ta biyo baya.

Sai kuma gwamnati ta yi tunanin korar barasa mai ƙarfi da giya mai sauƙi. Dokar 1830 ta ba duk magidanci mai biyan haraji damar buɗe mashaya a gidansa idan ya biya fam 2 da sule 2. Cikin shekara guda sababbin mashaya fiye da 20,000 suka tsiro. Shekara ɗaya kafin nan, a 1829, Robert Peel ya kafa rundunar 'yan sandan Landan. Haɗuwar waɗannan biyun ce ta sauya lamarin: ga mashaya a kowace kwana, ga kuma ma'aikaci mai albashi da kaki wanda aikinsa ya zaga titi da dare. Kwashe bugaggu ya zama wani babban kaso na aikin ɗan sanda.

Wata doka mai dogon rai ita ce ta 1872, ta gwamnatin Firaminista Gladstone. Sashe na 12 ya ce duk wanda aka samu a buge a kan hanya ko wani wurin jama'a a ci shi tarar da ba ta wuce sule 10 ba, idan ya maimaita cikin shekara ta kai 20, na uku 40. Wanda kuma aka kama a buge yana riƙe da keken doki, ko doki, ko shanu, ko injin tururi, ko bindiga mai harsashi, zai iya yin wata guda a gidan yari. Dokar ta kuma rage awoyin buɗe mashaya, abin da ya jawo bore a wasu garuruwa. Wani bishop, William Magee, ya tsaya a majalisar dattawa ya ce gara masa Ingila mai 'yanci da Ingilar da aka tilasta wa barin giya. Da jam'iyyar Gladstone ta faɗi zaɓen 1874, shi da kansa ya ɗora laifin a kan ambaliyar jin da giya.

Wannan sashe yana nan da ransa har yau, kuma kotuna sun ja shi kamar roba. A 1950 aka tabbatar da hukuncin ɗaurin wata guda kan wani mutum a Devon da aka kama yana tura kekensa a buge, alƙalai suka ce keke ma abin hawa ne a idon dokar. Shari'ar Kent ta 1983 ta fi ban mamaki. An kai wani mutum asibiti, likitoci suka ga maye ne kawai, suka sallame shi, ya ƙi tafiya. 'Yan sanda suka ɗauke shi suka sa a motarsu da ke bakin titi, sannan suka tuhume shi da cewa an same shi a buge a kan hanya. Da ya ɗaukaka ƙara, babbar kotu ta ce hukuncin ya yi daidai, ba ruwan doka da yadda ya isa titin. A ganina wannan shari'a ta tona asirin dokar baki ɗaya: tsabtar titi ce damuwarta, lafiyar mashayin tana can baya.

Abin lura shi ne Turawan nan da suka zo ƙasarmu wani ma'auni dabam suka ɗauko. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta hana kai barasa yankunan Afirka da ba su saba da ita ba, aka lissafa Arewacin Najeriya cikinsu. Kundin Final Kod na Arewacin Najeriya da ya fara aiki a 1960 ya hukunta maye a wurin jama'a, ya kuma ƙara da hukunta Musulmi idan ya sha, ko da a ina ne. A can tambayar ita ce a ina, a nan ta zama wane ne.

Duk tsawon wannan tarihi, riƙe kwalba a titin Ingila ba laifi ba ne muddin mutum bai bugu ba. Wannan ya fara sauyawa a 1988, lokacin da birnin Coventry ya kafa dokar hana sha a tsakiyar gari, wasu garuruwa suka bi sahu. A 2001 majalisa ta ba ƙananan hukumomi ikon keɓe wuraren da ɗan sanda zai iya cewa mutum ya daina sha ko ya miƙa kwalbarsa. A 2014 aka faɗaɗa ikon. A tsarin na 2014, laifin shi ne ƙin bin umarnin jami'i: tarar nan take har fam 100, idan an je kotu har fam 500. Wato an bar wa jami'i zaɓin wanda zai tunkara. Iyalin da suka shimfiɗa bargo a lambun shaƙatawa da kwalbar ruwan inabi da wuya a ce musu uffan. Masu kwana a bakin shaguna da gwangwani a hannu su aka fi tarewa, kuma ƙungiyoyin kare haƙƙin jama'a irin su Liberty sun daɗe suna ƙorafi a kan haka.

A Landan, Boris Johnson yana zama magajin gari ya hana shan giya a bas da jiragen ƙarƙashin ƙasa daga 1 ga Yuni, 2008. Daren jajibirin ranar dubban mutane suka cika jiragen layin Circle da kwalabe don bankwana, aka rufe tashoshi da dama, aka kama wasu, kashegari dokar ta fara aiki.