Daga Shagon Gem na Makarfi zuwa Las Vegas: Tarihin Gasar Tekken

A shekarun da nake makarantar sakandare, akwai wani ɗan shago kusa da tasha a Makarfi, tsakanin mai shayi da masu sayar da rake. Benci biyu ne a ciki, da talabijin mai ƙaton ƙeya, da na'urar PlayStation wadda tsufa ya sa sai an kifa ta kafin ta yarda ta karanta faifai. Idan babu wuta, janareta ke ruri a ƙofa. Doka ɗaya ce a wurin: wanda ya ci ya zauna, wanda aka kayar ya tashi ya biya. A nan na fara ganin wasan Tekken 3, kuma ba mu san cewa abin da muke yi wani reshe ne na tarihin da ya game duniya ba.

Kamfanin Namco na ƙasar Japan ne ya fitar da Tekken a shekarar 1994, shekara uku bayan Street Fighter II na kamfanin Capcom ya buɗe kasuwar wasannin faɗa. Tekken 3 ya fito a 1997, aka sa shi a PlayStation a 1998, daga nan ya bi faifai ya shiga ƙasashen da masu ƙirƙirarsa ba su taɓa takawa ba. Abin da ya sa ya karɓu shi ne tsarinsa: maɓalli huɗu, biyu na hannuwa, biyu na ƙafafuwa. Baƙo zai iya fara wasa nan take, amma ƙwarewa sai an shekara ana fama.

Kamfanoni sun ƙera wasannin, amma 'yan wasa ne suka haifi gasa. A 1996 wasu matasa a jihar Kalifoniya ta Amurka, cikinsu har da 'yan'uwa Tom da Tony Cannon, suka gaji da musu a intanet kan wane ne gwani, suka shirya haɗuwa mai suna Battle by the Bay domin a raba gardama. A 2002 aka sauya mata suna zuwa Evolution, wadda aka fi sani da Evo. Tekken ya shiga jerin wasanninta a 2003, kuma daga 2005 ta koma birnin Las Vegas. Wato babbar gasar wasannin faɗa ta duniya daga cika-bakin samari ta taso, irin wanda muke yi a kan bencinmu.

Shekaru masu yawa 'yan Koriya ta Kudu ke riƙe da kambun Tekken. Makarantarsu a wancan lokacin ita ce wani gidan wasa a birnin Seoul mai suna Green Arcade, inda gwanaye suka riƙa gogayya dare da rana. A can aka goge dabarar ja da baya cikin sauri don kauce wa naushi, har duniya ta laƙaba wa dabarar sunan ƙasarsu. Fitaccensu shi ne Bae Jae-min, wanda ake kira Knee. Da aka kafa zagayen gasar duniya ta Tekken a 2017, kowa ya ɗauka magana ta ƙare tsakanin Koriya da Japan.

Sai ga Arslan Siddique, wanda ake kira Arslan Ash, ɗan birnin Lahore na ƙasar Pakistan. A watan Fabrairu na 2019, bayan ya sha wahalar biza da sauye-sauyen jiragen sama, ya isa Fukuoka ya lashe Evo ta Japan. A watan Agusta na shekarar ya je Las Vegas ya doke Knee a wasan ƙarshe, sannan ya yi sujada a kan dandamali. Abin da ya fi girgiza jama'a shi ne bayaninsa cewa a gida akwai waɗanda ke kayar da shi. Gaskiya ya faɗa: ɗan ƙasarsu Atif Butt ya zama zakaran zagayen duniya a Amsterdam a farkon 2023, kuma a shekarar ce tawagar Pakistan ta doke Koriya ta Kudu a gasar ƙasashe a Riyad. Shi kansa Knee sai da ya yi tattaki zuwa Pakistan don ya gwabza da yaran ƙananan shagunan da duniya ba ta san da su ba.

Ranar da na kalli wasan Arslan a waya, wani yaro na tuna. Mai turin rake ne a baro, ya girme ni da kaɗan. Idan ya tashi aiki da la'asar ya zauna a benci, ba ya tashi sai an kira magariba. Paul Phoenix yake ɗauka, mai naushin nan guda da ke cinye kaso mai yawa na ƙarfin abokin gaba. Ba ya gaggawa. Zai yi ta ja da baya, yana jiran ka kai duka ka kuskure, sai ya sauke maka. Da wata ƙaramar Sallah, samari daga Ikara da Hunƙuyi ta ƙaramar hukumar Kudan suka zo, aka haɗa kuɗi aka yi gasa, aka hana ɗaukar Eddy Gordo domin a ganinmu ko makaho ya danna ƙafafunsa zai ci. Mai rake ya share kowa. Ladarsa 'yan kuɗin da aka tara da curin mazarƙwaila.

Salonsa ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin dambe da kaka ya san shi: hannu ɗaya garkuwa, ɗaya naɗe da zare, a yi ta auna juna har a sami kafa, naushi ɗaya ya yi kisa. Har kalmomin dambe muka ara, muna cewa turmin farko, turmi na biyu. Sai dai akwai bambanci. Shago ya sami Ɗan Anace, shi ya sa har yau wanda bai taɓa ganin dambensa ba ya san sunansa. Arslan ya sami fasfo da kyamara. Mai rake bai sami makaɗi ba, bai sami marubuci ba. Shagon ya rufe da wayoyin hannu suka yawaita, samari kuma suka karkata ga gem ɗin ƙwallo.

Ba zan ɓoye laifinmu ba. Iyayenmu na da hujja da suka tsani wurin: wasu sun guje wa aji saboda shi, wasu sun mai da wasa caca, wasu sun yi wasa da lokacin salla. Ni ma na sha bulala a kansa, kuma na cancanta. Amma hani kaɗai bai kashe sha'awar ba, ɓoye ta ya yi a inda babu ido. Da an sami babba ya tsaya a kai, ya ƙayyade lokaci, ya hana caca, ya buɗe littafi ana rubuta sunan wanda ya ci da ranar da ya ci, da tarbiyya ta tsira, da tarihi ma ya tsira.

Darasin Lahore shi ne gwaninta ba ta tambayar girman gari. Abin da take nema shi ne abokan gogayya na kullum, da hanyar fita, da mai ajiye labari. Na farkon muna da shi a Makarfi da Ikara da Kudan, sauran biyun ne muka rasa. Bara na haɗu da mai rake a kasuwa, yanzu da motarsa yake kai rake Kano, da 'ya'ya huɗu. Na nuna masa wasan Arslan da Knee a waya. Ya kalla har ƙarshe bai ce uffan ba, sannan ya nuna inda Knee ya kai duka ya kuskure, ya ce: “Malam, ai a nan ya faɗi.” Na rubuta wannan ne domin aƙalla turmi ɗaya nasa ya shiga takarda.