Sanƙarau da Sojojin Cikin Jini: Tarihin Yaƙin da Ido Ba Ya Gani

Mai karatu, duk wanda ya tashi a ƙasar Sakkwato ya san lokacin da hankalin iyaye ke fara tashi. Hunturu ya ja baya, bazara ta kawo kai, ƙura ta turnuƙe gari, zafi ya hana barci a ɗaki. A garuruwan kudancin jihar, irin su Fakku da Kuchi a ƙaramar hukumar Kebbe, ko Jabo da Dogon Daji a ƙasar Tambuwal, yaro ya ce kansa na sara, jikinsa ya yi zafi rau, to idon kowa na kan wuyansa. In ya iya sunkuyawa, a yi hamdala. In kuwa wuya ya ƙage, ba sai an faɗi sunan cutar ba. Bahaushe ya raɗa mata suna daga abin da ya gani da idonsa: sanƙarau.

To amma me ke sanƙarar da wuyan? Amsar tana cikin tarihin wasu sojoji da ke yawo a jikinka yanzu haka kana karanta wannan mujalla, waɗanda likitoci suka shafe fiye da shekara ɗari suna bin sawunsu. Gyara zama ka sha labari.

Su wane ne sojojin?

A cikin ɗigon jinin da bai wuce kan allura ba akwai jajayen ƙwayoyi wajen miliyan 5, sannan akwai farare tsakanin 4,000 zuwa 11,000. Fararen nan su ne dakaru. A ɓargo ake ƙera su. Mafi yawa a cikinsu su ne waɗanda likitoci ke kira nutrofil, kuma ɓargon baligi yana fitar da kimanin biliyan 100 daga cikinsu kowace rana, don ba sa daɗewa a duniya.

An daɗe ana ganin su ba a san aikinsu ba. A 1846 wani likita a Ingila, Augustus Waller, ya sa harshen kwaɗo ƙarƙashin madubin likita, ya ga fararen ƙwayoyi suna ficewa daga jijiyar jini alhali jijiyar ba ta fashe ba. Ba wanda ya kula da maganarsa sosai. Sai a 1867 wani Bajamushe, Julius Cohnheim, ya sake ganin haka a cikin kwaɗo, ya bayyana shi dalla-dalla. Inda aka ji rauni, jijiya tana buɗewa, jini ya rage gudu, fararen ƙwayoyi su koma gefe suna mirginawa a jikin bango, su tsaya cak, su lallaɓa ta tsakanin bulon bangon su fita. Ya kuma nuna cewa mugunyar da kake gani a ƙurji su ne, taronsu ne da gawarwakinsu.

Saura tambaya ɗaya: fita suke yi don su taimaka, ko su ne ke yaɗa cutar? A 1882, a garin Messina na Italiya, wani masani ɗan ƙasar Rasha, Elie Metchnikoff, ya soka 'yan ƙayoyi a jikin jariran wata halittar teku mai siffar tauraro, waɗanda ake hango cikinsu tar kamar gilashi. Gari na wayewa ya tarar wasu ƙwayoyi masu tafiya sun yi wa ƙayoyin ƙawanya. Nan ya gane cewa sojoji ne, aikinsu su haɗiye duk baƙon da ya shigo. Wannan bincike ya ba shi kyautar Nobel a 1908, tare da Paul Ehrlich na Jamus.

Ka san yadda 'yan sanda suke a finafinan Indiya, sai jarumi ya gama da bos tukuna za ka ji jiniya. To na jiki ba haka suke ba. Wurin da cuta ta shiga yana sakin wasu sinadarai, su kuwa nutrofil suna bin ƙanshinsu kamar karen farauta, cikin 'yan mintoci na farko sun fara isa.

Akwai kuma rukuni na biyu, limfosayit, waɗanda su ne jami'an leƙen asiri. A 1959 James Gowans na Jami'ar Oxford ya gwada a jikin ɓeraye, ya gano cewa waɗannan ba sa zama wuri ɗaya. Daga jini su shiga wasu 'yan ƙulli-ƙulli da ke wuya da hammata da matsematsi, su leƙa ko an kawo rahoton baƙo, su fito ta wata hanyar ruwa su koma jini, haka dare da rana. Ka taɓa yin kaluluwa bayan ka ji ciwo a ƙafa? To barikin ne ya cika. An kai rahoto, waɗanda suka gane abokin gaba suna ta hayayyafa, suna ƙera makamin da ya dace da shi shi kaɗai.

Yadda yaƙi ke komawa kan mai gida

Yanzu mu dawo kan sanƙarau. An fara rubuta labarin annobarta a birnin Geneva a 1805. A 1887 wani likita a Vienna, Anton Weichselbaum, ya gano ƙwayar cutar. Ka san a ina ya same ta? A cikin cikin fararen ƙwayoyin, sun haɗiye ta, a ruwan da ke lulluɓe da ƙwaƙwalwar waɗanda suka rasu.

Ƙwayar nan a maƙogwaro take zama. A lokacin da ba annoba, kusan mutum 1 cikin 10 na ɗauke da ita lafiya lau, yana yaɗa ta ta tari da atishawa bai sani ba. Masana na ganin busasshiyar iska da ƙura suna raunata fatar cikin hanci da maƙogwaro, sai ta sami kafar shiga jini. Tana sanye da wata riga mai santsi ta sinadarin sukari, wadda ke sa ta suɓuce wa nutrofil kamar tarwaɗa a hannu. Sai in jiki yana da makamin da zai manne wa rigar nan tukuna ake iya cafke ta.

In ta tsallake jini ta shiga ruwan ƙwaƙwalwa da laka, ta sami gari ba mai gadi. Ruwan nan a mai lafiya garau yake kamar ruwan sha, fararen ƙwayoyin da ke cikin ɗan ɗigonsa ba su wuce 5 ba. Kafin labari ya kai bariki, ta hayayyafa. Daga nan sojoji su kwararo dubbai, ruwa ya yi gurɓai, shi ya sa likita ke tsira allura a gadon baya ya ɗebo ya duba. Matsalar ita ce gubar da sojojin ke fesawa ba ta bambance baƙo da ɗan gida. Rigar ƙwaƙwalwa ta kumbura, ƙoƙon kai kuwa ba ya buɗewa. Shi ne ciwon kai mai tsanani, shi ne amai, shi ne wuyan da ya ƙi lanƙwasuwa. In kumburin ya taɓa cikin kunne, yaro ya tashi kurma. Ba magani, tana iya kashe rabin waɗanda ta kama, wani ma cikin kwana ɗaya. Da magani ma kusan 1 cikin 10 kan rasu.

Sawunta a ƙasar Hausa

Rahoton farko na annobar a Arewa ya fito ne daga Zungeru a 1905, shekara biyu bayan Turawa sun ci Sakkwato. A farkon shekarun 1920 ta yi mummunar ɓarna a lardin Sakkwato, ta sake dawowa da ƙarfi a 1949 zuwa 1950. A 1963 wani likitan sojan Faransa, Léon Lapeyssonnie, ya zana taswirar yankin da cutar ke zagayawa. Yau ana lissafa ƙasashe 26 a cikinsa, daga Sanagal zuwa Habasha, mu kuwa muna tsakiya. Halinta ɗaya ne: ta taso da rani, ta kwanta da saukar damina.

Me ya sa take ɗaukar wani ta bar wani a ɗaki guda? A 1969 masu bincike a cibiyar Walter Reed ta sojan Amurka, Goldschneider da Gotschlich da Artenstein, suka auna jinin kuratan soja. Waɗanda suka kamu su ne waɗanda jininsu ba shi da makamin kashe ƙwayar tun farko. Sun kuma nuna cewa jariri yana zuwa duniya da makamin da ya ara wurin uwarsa, wanda ke ƙarewa cikin 'yan watanni, shi ya sa daga wata 6 zuwa shekara 2 ya fi zama cikin haɗari.

Mu ma nan gida an yi aiki. A shekarun 1970, a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Brian Greenwood da Hilton Whittle da abokan aikinsu sun yi bincike mai zurfi a kan cutar, musamman a annobar 1977. A 1979 aka buga sakamakon gwajin Zariya, da sunan Dakta Sadiq Wali a gaba, wanda ya nuna allura ɗaya ta maganin kuloramfenikol mai mai tana iya warkarwa. Wannan ya zama makamin ƙananan asibitocin karkara na Afirka shekara da shekaru.

Sai 1996, shekarar da ba a mantawa. Rahoton da Farfesa Idris Mohammed ya jagoranta ya ƙirga mutum 109,580 da suka kamu a Nijeriya, 11,717 suka rasu. A wannan shekarar ce kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano, cikin wani gwaji da ya haɗa yara 200, 11 suka mutu. Shari'a ta ja har 2009, lokacin da aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Tabon da abin ya bari a zukatan mutane game da allurar Bature ya daɗe bai goge ba, kuma ba wanda zai ce tsoron ba shi da tushe.

Koya wa soja fuskar ɓarawo

Allurar rigakafi ta farko rigar sukarin ce zalla. Tana aiki, amma kariyarta ba ta wuce 'yan shekaru, kuma ba ta kama jikin yara 'yan ƙasa da shekara 2 sosai. Dalili? Wani rukunin limfosayit, waɗanda su ne kwamandoji, ba sa gane sukari, sai furotin. In ba su sa baki ba, bariki ba ya ajiye tarihin abokin gaba. Dabarar da aka yi ita ce a ɗaure sukarin a jikin furotin. A 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar PATH suka fara aikin, kamfanin Serum Institute na Indiya ya ƙera allurar MenAfriVac a kan ƙasa da rabin dala kowace ɗaya. Aka fara yin ta a Burkina Faso da Mali da Nijar a Disamban 2010, Nijeriya ta bi a 2011. Nau'in A, wanda ya yi kisan 1996, ya kusan ɓacewa.

Amma fa soja fuskar da aka nuna masa kawai ya sani. A 2013 wani sabon iri na nau'in C ya ɓulla a jihar Sakkwato, a 2014 ya bayyana a Kebbi, a 2015 ya addabi Yamai da Dosso. Daga ƙarshen 2016 zuwa tsakiyar 2017 ya taso daga Zamfara ya bazu, aka ƙirga sama da mutum 14,000 da ake zaton sun kamu, sama da 1,100 suka rasu. Kebbe, mai iyaka da Zamfara da Kebbi, tana cikin ƙananan hukumomin da gwamnatin Sakkwato ta ambata a lokacin. A Maris 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da allurar Men5CV, mai nuna wa jiki fuskoki biyar a lokaci guda: A, C, W, X da Y.

Abin da ya rage namu ne, mai karatu. Jiki yana buƙatar kamar mako biyu bayan allura kafin makamai su taru, saboda haka wanda ya jira sai an fara kai gawa maƙabarta ya makara. Yaron da ke da zazzaɓi da ciwon kai da ƙagewar wuya, ko jaririn da maɗigarsa ta kumbura ya ƙi nono, asibiti za a nufa da shi a wannan sa'ar, ko da dare ne. A yi addu'a a kan hanya.

Ku kuma marubutanmu da furodusoshi, ga ƙorafi. Littafi nawa muka karanta inda jaruma ta kwanta da ciwon zuciya don an hana ta masoyinta? Fim nawa muka kalla likita ya fito ya cire tabarau ya ce hawan jini ne? Ga cutar da ta kurumtar da yara a kusan kowane gari na ƙasar nan, amma da wuya ka ga an gina labari a kanta. Uwar da ke ƙauye tana kallon fim fiye da yadda take karanta takardar asibiti. In ta ga alamomin nan a fim ɗin da take so, ranar da ta gan su a jikin ɗanta ba za ta tsaya jiran gari ya waye ba.

Allah Ya tsare mu da zuriyarmu, Ya ji ƙan waɗanda suka riga mu. Amin.