Ikilisiya Ɗaya, Harsuna Da Yawa

Wanda ya taɓa cin kasuwar Malanville ya san yadda harsuna su ke gauraya a bakin Kwara. Ga Badendi da albasarsa, ga Bahaushe, ga Bazabarme daga ƙetaren Gaya, ga Bafillace, ga Bayarabe da mutanen Fon da su ka hau daga Kwatano. A kasuwa wannan ba ya hana ciniki, gama yatsa ma ya isa a nuna kuɗi. Amma ran Lahadi, sa'ad da Kirista su ka taru, yatsa ba ya isa.

Garin nan yawancinsa Musulmi ne, Kirista kuwa galibinsu baƙi ne, kowa ya zo da irin sujadar da ya saba. Mutanen kudu sun daɗe da bishara. A 1843 Thomas Birch Freeman, Bametodis, ya kai Abome, fada-fadan Katolika kuma su ka sauka Wida a 1861. A Porto-Novo ne Samuel Oshoffa ya kafa ikilisiyar masu fararen riguna a 1947, waɗanda su ke shiga ɗakin sujada ba takalmi. Arewa kuwa sai a 1946 mishan ɗin SIM ya shigo Dahome. Masu zuwa daga Nijeriya su na da Littafi Mai Tsarki na Hausa tun 1932, da waƙoƙin da a ka juyo daga na Turawa. To, wannan ya na son ganga, wancan ya na ganin ganga ta gidan biki ce. Ma'aikacin gwamnati ya fi jin Faransanci, tsohuwa kuwa ko kalma ɗaya ba ta kamawa. Mai shirya sujada ya yi yaya?

Kada ka ce wannan damuwa sabuwa ce. Bari in kai ka Urushalima, wajen shekara ta 381 zuwa 384. Wata mace mai ibada, sunanta Egeriya, ta taso daga yammacin Turai ta zo ziyara, ta rubuta wa 'yan'uwanta mata abin da ta gani. Rubutun ya ɓace shekaru masu yawa, sai a 1884 a ka tsinci wani yankinsa a Arezzo, ƙasar Italiya.

Urushalima ta lokacin nan garin baƙi ce kamar Malanville. Waɗansu Helenanci su ke ji, waɗansu Suriyanci, watau harshen talakawan ƙasar, waɗansu kuma duka biyu. Ga yadda su ka yi. Bishop ya kan yi koyarwa da Helenanci kullum, ko da ya iya Suriyanci, wani dattijon ikilisiya kuwa ya na tsaye kusa da shi, ya na juyawa. Haka kuma karatu: a karanta da Helenanci, tafinta ya mayar. Saura 'yan ziyara irin Egeriya, masu Latin kaɗai. Su ba a tsayar musu da tafinta a gaba ba, amma 'yan'uwa maza da mata masu jin harsunan biyu su kan bayyana musu. Ka lura, ba su raba taron uku ba. Sun zaɓi harshe ɗaya ya ja gaba, na biyu ya bi shi a fili, na uku a kunne.

Abin ya ci lokaci. Egeriya ta ce ran Lahadi dattawan da su ke so su kan yi wa'azi ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan bishop ya rufe, har ba a sallami jama'a sai hantsi ya yi sosai. Ɗan kasuwa mai rumfa zai ce wannan ya yi yawa, ni ma ban ga laifinsa ba. Wa'azin da a ke juyawa ya kan ninka tsawonsa, saboda haka mai wa'azi da tafinta sai ya rage rabin maganarsa tun daga gida. Wani abu kuma da ya ba matar nan mamaki, shi ne zabura da karatu da addu'a kullum sun dace da ranar da wurin. Ashe akwai wanda ya zauna ya shirya.

Wannan zancen harshe ke nan. Zancen al'ada kuwa dabam ne. A shekarun nan dai, Monika, uwar Agustin, 'yar Afirka ta Arewa, ta je Milan ta tarar ba a azumin Asabar, alhali a Roma ana yi. Hankalinta ya tashi. Ɗanta ya tambayi Bishop Ambros, shi kuwa ya nuna masa in ya na Roma ya kan yi azumin, in ya na Milan ba ya yi. Ya ba su shawara su bi al'adar ikilisiyar da su ka tarar. Daga baya Agustin, da ya zama bishop a Hippo, cikin Aljeriya ta yau, shi da ya sassauta kan al'ada bai sassauta kan harshe ba. Ya nemi mai jin Funikanci ya aika ƙauyen Fusala, domin da shi mutanen wurin su ke magana.

A ganina tsofaffin nan sun bambanta abu biyu da mu ke yawan haɗawa. Wanda bai ji ba, an hana shi abinci. Wanda bai sami irin waƙarsa ba, miya ce kawai ta sāke. Ikilisiyar Katolika ta daɗe da Latin, amma a ran 4 ga Disamba 1963 babban taron Batikan na biyu ya buɗe ƙofa ga harsunan mutane da kaɗe-kaɗensu. A ikilisiyoyin bishara na ƙasar Hausa kuwa, inda 'yan mishan na fari su ka yi shakkar ganga saboda bori, matan zumunta ne su ka shigo da tulu da gora, su na yin waƙoƙi da muryar gida, har abin ya zauna.

Komo Malanville. A 1997 a ka yanke yankin bishop na Kandi daga na Paraku, garin kuwa cikinsa ya ke. Amma ba bishop ba ne zai zauna ran Asabar da yamma ya ƙidaya waɗanda za su zo gobe. Katikis ne, ko fasto da dattawa. Taron bakin iyaka kuwa ba ya tsayawa wuri ɗaya. A 2023, da a ka rufe gadar Gaya bayan juyin mulkin Nijar, motocin kaya sun yi jerin gwano a hanya, mutane su ka koma ƙetarewa da kwalekwale. Mai shiri ya kan fara da tambayar wane harshe ne mafi yawa su ke ji a makon nan, da wanda zai tsaya ya juya, da wanda zai zauna kusa da baƙon da ba shi da kowa. Bayan wannan sai a raba waƙoƙi, ta farko ga masu littafi, ta lokacin baiko ga masu ganga.