Tarihin Biyan Albashi, Daga Baitulmali Zuwa Kwamfuta

A zamanin En'e, Birnin Kudu da Gwaram gundumomi ne na ƙasar Kano. Albashin hakimi da alƙali da malamansu daga Baitulmalin Kano yake fitowa, wanda aka kafa zamanin Sarki Abbas. Akawu ya rubuta sunan kowa da hannu, a ƙidaya fam da sule, mai karɓa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. A 1976 ƙananan hukumomi suka gaji En'e, a 1991 kuma aka yanki Jihar Jigawa daga Kano.

Da ma'aikata suka yawaita a Nijeriya, sai littattafai suka gaza. Sunayen matattu, har da na waɗanda ba a taɓa haifa ba, suka cika takardun albashi, waɗansu suna cin kuɗin. Saboda haka Gwamnatin Tarayya ta yi shawarar tara sunayen ma'aikatanta cikin tsarin kwamfuta guda. To, amma ta wace hanya za a bi da aikin?

Masana suna da manyan hanyoyi biyu. Ta fari, a rubuta dukan abin da ake bukata, a gina, a gwada, sa'an nan a buɗe. Wani Ba'amurke, Winston Royce, ya bayyana ta a 1970, ya kuwa yi gargaɗi cewa kuskurenta ba ya bayyana sai an kusa gamawa. Ta biyu, a gina kaɗan, a ba masu aiki su gwada, a ji ta bakinsu, a gyara, kana a ƙara. Mutum 17 suka taru a Amurka a 2001, suka rubuta ƙa'idodinta, suka kira ta Agile. Ta fari takan taimaka wajen ƙiyasta kuɗi da lokaci, ta biyu takan kama kuskure tun yana ƙarami.

A 2007 aka buɗe tsarin IPPIS da taimakon Bankin Duniya. Da ma'aikatu 7 kaɗai aka soma, aka riƙa ƙarawa sannu a hankali, har abin ya kai ga asibitocin Tarayya irin na Birnin Kudu. Wannan dabara ce mai kyau. Amma da aka zo kan jami'o'i, ƙungiyar malamansu, watau ASUU, ta ƙi, ta ce tsarin bai san malamin da ke zuwa koyarwa daga wata jami'a ba. Rigimar tana cikin dalilan yajin aikin wata takwas na 2022, ɗalibai suka zauna gida. A Disamba 2023 Gwamnati ta yarda a fitar da jami'o'i daga IPPIS.

Ƙasar Kanada kuwa gaggawa ta yi. A 2016 ta buɗe tsarin albashi mai suna Phoenix bayan ta soke gwajin da aka shirya. Dubban ma'aikata suka sami albashi ba daidai ba, waɗansu ma ba su sami ko kwabo ba.

Mai karatu, duk hukumar da za ta mai da littattafanta cikin kwamfuta, a Gwaram ne ko a Dutse, sai ta soma da ofis guda, ta tambayi akawun da ke riƙe da littafin, kada kuma ta rufe tsohon littafi sai sabon ya biya kowa daidai. Haƙƙin ma'aikaci amana ne. Allah ya sa mu dace.