Zaiba, Bar da Paskal: Tarihin Awon Matsin Iska

Duk wanda aka taɓa gwada wa jini a asibiti ya ji an ce "120 bisa 80". To, 120 na me? Amsar tana Italiya, shekaru kusan 400 baya.

A zamanin Galileo masu haɗa famfo sun lura cewa famfon zuƙo ba ya iya ɗaga ruwa sama da kimanin mita 10, kome ƙarfin mai bugawa. Almajirinsa Torricelli ya ce iskar da ke kanmu nauyi gare ta, ita ke tura ruwan sama, kuma iyakar ƙarfinta ke nan. A 1643 aka jarraba da zaiba, wadda ta fi ruwa nauyi sau 13.6. Aka cika bututun gilashi da ita, aka kifa shi a cikin kwano, sai ta sauko ta tsaya a wajen milimita 760. A 1648 Blaise Pascal na Faransa ya sa mijin yayarsa ya hau dutsen Puy de Dôme da irin wannan bututu. A can ƙololuwa zaibar ta ragu da kusan santimita 8. Gardama ta ƙare.

Abin lura shi ne, ma'aunin farko na matsi tsayi ne kawai, wato nawa zaiba ta hau. Shi ne likitoci ke amfani da shi har yau. 120 ɗin nan milimita ne na zaiba, ko da na'urar mai batir ce, babu ɗigon zaiba a cikinta.

Masana yanayi su ne suka kawo bar da milibar a farkon ƙarni na 20. Sai a 1971 aka amince da paskal a matsayin ma'aunin duniya: ƙarfin niyuton ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya. Ɗan mitsitsi ne ƙwarai, shi ya sa ake jin kilopaskal. Lissafin tsakaninsu wasan sifili ne. Bar 1 paskal 100,000 ne, wato kilopaskal 100. Milibar 1 paskal 100 ne, daidai da hektopaskal 1. A ganina nan masana yanayi suka yi wayo: suka sauya suna, lambobinsu ba su motsa ba. Matsin iska a bakin teku milibar 1013 ne jiya, hektopaskal 1013 ne yau.

Zaiba ce ta ƙi shiga sahu. Milimita ɗaya nata kusan paskal 133 ne, don haka 120 bisa 80 zai koma kilopaskal 16 bisa 10.7. Wace ma'aikaciyar jinya za ta yarda ta watsar da lambobin da ta haddace, alhali kuskure ɗaya na iya sa a sallami mai hawan jini ba magani?

Shi kuwa mai faci da ya ce ya sa wa tayarka 35, da ma'aunin Turawan Ingila yake magana, fam a kan murabba'in inci. A bar, wajen 2.4 ke nan.