Hoton ƙullutun tayirod

Ƙullutun tayirod wani kumburi ne da ke tsirowa a cikin tayirod, wato ƙwayar da ke gaban wuya ƙasa da maƙogwaro, wadda ke samar da sinadaran da ke daidaita yadda jiki ke sarrafa abinci. Ya bambanta da maƙoƙo, inda ƙwayar gaba ɗaya ke girma, ko da yake mai maƙoƙo kan iya samun ƙullutu a ciki. Galibin ƙullutun ba su da illa. Kashi 7 zuwa 15 cikin 100 ne kawai ke zama sankara, shi ya sa amfanin hoto shi ne tantance wanda ya kamata a binciki namansa.

Sikanin

Sikanin, wanda ke aiki da sauti kamar na masu juna biyu, shi ne hoton farko da ake ɗauka. Ba shi da tururin radiyeshan, yana da sauƙin kuɗi, kuma yana ganin ƙullutun da bai wuce 'yan milimita ba. Likita na duba ko ƙullutun ruwa ne a ciki ko tsoka, duhunsa, yanayin bakinsa, ko tsayinsa ya fi faɗinsa, da ko akwai ɗige-ɗige masu haske a ciki. A shekarar 2017 Kwalejin Likitocin Hoto ta Amurka ta fitar da tsarin TI-RADS, mai raba ƙullutu zuwa matakai biyar. A mataki na 5 ana ɗibar samfuri da siririyar allura idan ƙullutun ya kai santimita 1, a mataki na 4 santimita 1.5, a mataki na 3 kuma sai ya kai 2.5. Rauninsa shi ne sakamakon ya dogara sosai ga ƙwarewar mai riƙe da na'urar.

Hoton nukiliya

Wannan yana nuna aikin ƙullutun ne, ba siffarsa ba. Ana ba mara lafiya ɗan aidin-123 ko teknishiyam-99m, sannan a duba inda ya taru. Ana yin sa ne idan gwajin jini ya nuna TSH ya yi ƙasa. Ƙullutun da ya zuƙi sinadarin da yawa ana kiransa "mai zafi", kuma da wuya ya zama sankara. "Mai sanyi" kuwa bai tabbatar da komai ba, domin yawancinsu ma lafiyayyu ne. Ba a yi wa mai juna biyu.

CT, MRI da PET

CT da MRI ba su kai sikanin iya bambance ƙullutu ba. Amfaninsu shi ne idan kumburin ya gangara bayan ƙashin ƙirji ko yana matse hanyar numfashi. Ruwan da ake ɗurawa a jijiya lokacin CT yana ɗauke da aidin, wanda kan jinkirta maganin aidin mai radiyeshan da makonni. PET ba a nemansa don wannan, amma idan an ga ƙullutu yana haske yayin binciken wata cuta, kusan ɗaya cikin uku kan zama sankara.

Yawan gwaji

Babu hoton da ke tabbatar da sankara shi kaɗai, sai an duba samfurin allura a ɗakin gwaji. Yawan ɗaukar hoton ma yana da nasa haɗarin. A Koriya ta Kudu, inda aka riƙa yi wa masu lafiya sikanin wuya, adadin waɗanda aka gano da sankarar tayirod a 2011 ya ninka na 1993 sau 15, alhali yawan mace-mace bai canja ba. Da dama an cire musu ƙwayar, suka koma shan magani har ƙarshen rayuwa.